Tauraron Ƙarƙashin Wutsiyar Kunama

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya gwiwar nan taka, ta sake ka ko har yanzu kana hawan bene kamar mai roƙon gafara? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna gaisawa a waya. Maganar ce ba ta waya ba. In na fara ta a can za ka ce ana kiranka, yadda ka saba yi duk lokacin da na ambaci gidan wasa.

An kawo mana sabon darakta. Mun sa masa suna Mai Gilashi, domin biyu yake yawo da su, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma kullum cikin neman gilashinsa yake. Mutumin kirki ne, sai dai bai san abin da ya gabata ba. Cikin bincike-bincikensa ya tono wasan nan na matuƙin jirgin ruwan da ya ɓata a teku wata goma sha biyu, kowane fage a ƙarƙashin burujinsa. Wasan da kai za ka fito a matuƙin, wanda ba a taɓa nunawa ba. Ya tambaye ni ko akwai labulen baya da ya dace da shi. Da na yi shiru da ya fi min sauƙi, amma bakina ya riga ni, na ce akwai wanda Baba ya zana wa wasan a sito.

Ranar Asabar da hantsi muka sauko da shi, mu shida, don ka san nauyinsa. Shekara tara yana naɗe, amma asu bai taɓa ko zare ɗaya ba. Muna warware shi ƙanshin kafur da na fentin Baba suka tashi. Komai yana nan, Yaya. Baƙin yadin bai koɗe ba. Burujan nan goma sha biyu suna jere sun yi baka daga wannan gefe zuwa wancan, an zagaye kowanne da fenti ruwan zinariya: Rago, Sa, Tagwaye, Kaguwa, Zaki, har zuwa Kifi, Kunama kuma wutsiyarta ta sauko ƙasa ta gefen igiyoyin jan labule. Hudojin taurarin da ya yi da basilla mai zafi suna nan da bakinsu a ƙone. A wani wuri har da shaidar babban yatsansa cikin alli.

Mai Fitila, mai kula mana da wuta, ya kunna fitilun bayan labulen, haske ya ɓullo ta hudojin. Ka san ginin ba shi da taga, ko da rana tsaka in an kashe wuta duhu ne. Mai Gilashi ya daɗe yana kallo baki buɗe. Daga nan ya saukar da gilashin goshi, ya ce kamar Zakin nan yana kallon inda bai kamata ba.

Tsofaffin ma'aikata duk suka sunkuyar da kai, domin sun tuna ranar da ka tsaya a tsakiyar dandali da taswirar taurari a hannu, ka nuna wa kowa cewa Baba ya juya sama gaba ɗaya, dama ta koma hagu, wutsiyar Kunama ta lanƙwasa ta inda ba nan take lanƙwasawa ba, kuma ga wani tauraro a ƙarƙashinta wanda Allah bai halitta ba. Ban rubuto don in tayar maka da tsohon miki ba. Ni ma ina wurin, ban ce uffan ba, kuma ni na naɗe labulen da hannuna na kai sito. Ranar aka ce Baba ya huta, tsufa ya zo, wata bakwai bayan nan muka rasa shi. Ina jin kunyar wannan shirun nawa har yau.

Ga abin da Mai Gilashi ya yanke. Za a juya labulen, bayan ya koma gaba don taurarin su daidaita, a sake zana burujan a sabuwar fuskar, a shafe na Baba da baƙin fenti. Hudar nan ta ƙarƙashin Kunama kuwa ni aka ba aikin ɗinke ta. Ya ba ni mako uku. Na ce to, tun da ba ni da hujjar cewa a'a.

Ka gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
'Yar Allura


Ranar Alhamis

Yayana,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ban jira amsarka ba, don abin da ya faru jiya ya ƙi barina in zauna.

Da safe na ɗauko taswirar Baba daga akwatinsa, zan sa alamar inda sabon zane zai bi. Na shiga bayan labule, na jawo kujerar nan 'yar tsugunno ta Inna, wadda ta yi shekara talatin a kanta tana jan igiyoyi tana ɗinke abin da 'yan wasa suka yaga. Tana nan a inda ta bar ta, har ƙafafunta sun yi gurbi a katakon ƙasa. Na zauna da takardar a cinyata. Fitilun baya a kashe suke, Mai Fitila yana can gaba yana gwada manyan fitilun dandali. Yana kunna su haske ya shigo ta hudojin, wannan karon ta wajena. Na ɗaga kai.

Yaya, sama ce, daidai yadda take. Zaki yana kallon inda ya kamata. Wutsiyar Kunama ta lanƙwasa yadda take a takarda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tun daga Rago har Kifi, babu tauraron da ya kauce. Na miƙe tsaye, na matsa can gefe, duk daidai suke, amma daga kan kujerar ne kaɗai bakan burujan yake rufe mutum ta sama kamar rumfa.

Ka tuna abin da Baba yake koya mana tun ba mu kai tsawon teburinsa ba? Duk mai huda labule ta baya sai ya kifa takardarsa a jikin gilashin taga ya kwafe ta a juye, in ba haka ba 'yan kallo za su ga sama a birkice. Sau nawa ya ƙwanƙwashe ni a kan wannan? Mutumin da ya yi shekara talatin bai taɓa kuskure shi ba, mu muka yarda cewa rana ɗaya ya manta. Bai manta ba. Shekarar da Inna ta rasu ya yi labulen nan, kuma ba don masu zama a kujerun gaba ya yi shi ba.

Sai na tuna da tauraron da ka ce babu shi. Na juya kai kaɗan, ga shi daidai idona, ko miƙa wuya ban yi ba. Na shafa bakinsa. Sauran duk ƙuna ce, wannan kuwa an bi bakinsa da zare an daje shi, ɗinki mai karkata irin na wanda bai iya riƙon allura ba. Na kai ido, sai ga dandali gaba ɗaya, har da alamar allin da jarumin wasa yake tsayawa a kai.

Kai ba ka san wannan ba sosai, domin kullum bayanka ne a wajen. Babu labulen da Baba ya taɓa ratayawa wanda Inna ba ta faki idonsa ta huda shi da almakashi ba, a daidai nan, don ta riƙa kallonka. Shekara da shekaru suna faɗa a kan haka. Yana cewa tana ɓata masa aiki, daga gaba ana ganin haske yana fita, kuma duk lokacin da ka shigo sai wurin ya ƙifta saboda ta sa ido. Ita kuma tana cewa ɗan da ta haifa ba za ta biya kuɗin ƙofa ta kalle shi ba, balle ta bar igiyoyi a hannun wani. Ba ta taɓa ganin fuskarka kana wasa ba, ƙeyarka kawai ta sani. Takan ce min daga ƙeyar take gane ko za ka manta magana, wai sai ta ga jijiyar wuyanka ta miƙe. Shi ya sa take kiranka Mai Ƙeya, ba don girmanta ba, ko da yake girman ma akwai.

Hudar da ya yi shekaru yana faɗa a kanta, shi ya yi mata ita da hannunsa bayan ba ta nan. Mu kuma muka tsaya a gabansa muka ce hankalinsa ya fara tafiya, ya kalle mu bai ce komai ba. Na yi kuka jiya har Mai Fitila ya zaci allura ce ta soke ni.

Na je na gaya wa Mai Gilashi. Ya saurare ni da kyau, har ya cire gilashin duka biyu ya goge. Amma ya ce shi 'yan kallo yake yi wa aiki, kuma tsofaffin gidan sun shaida masa cewa ɗan mai labulen da kansa, wanda ya fi kowa sanin wasan, shi ya ce kuskure ne. In kai ka zo ka ce ba haka ba ne, zai bari. In ba ka zo ba, a juya, a ɗinke.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi.

Taka,
'Yar Allura


Ranar Talata

Yayana Mai Ƙeya,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan ƙaramin nan ya warke daga murar. Na ga amsarka, layi huɗu, biyu daga ciki gaisuwa. Ka ce abin da ya wuce ya wuce, zuwanka ba zai dawo da kowa ba, kuma ka rantse ba za ka sake taka dandali ba. Na ji. Ni ma da zan iya barin maganar da na bari. To amma akwai abin da ban gaya maka ba, don ina tsoron ka ce ni ma tsufan ya fara taɓa ni.

Mun fara gwaji da labulen a yadda yake, kafin ranar juyawa. Kullum daga hantsi zuwa azahar. Kwana na uku, Doguwa, wadda take fitowa a matar matuƙin, ta tsaya tsakiyar magana ta ce a gaya wa wanda ke bayan labule ya daina leƙe, yana raba mata hankali, tauraron ƙasan nan sai ƙiftawa yake yi. Ina zaune a gefen dandali ina kafa maɓalli. Na tashi na leƙa bayan. Babu kowa, sai kujera da igiyoyi.

Na ce iska ce ke kaɗa yadin. Na ɗaure gindin labulen da ƙarfe, bai daina ba. Na ce wani zare ne ke reto a gaban fitila, Mai Fitila ya hau tsani ya duba, babu. Na ce ƙwaro ne, na yi feshi har Mai Gilashi ya yi ta atishawa ya tashi gwaji. Washegari na zauna a kujerun 'yan kallo na zuba wa wurin ido, na kuma gane yadda abin yake. Ba haka kawai yake ƙiftawa ba. Sai wani ya shigo ta ƙofar hagu, inda kake shigowa, sannan ya yi duhu. Ɗan lokaci kaɗan, kamar a duba a ga wane ne, sai hasken ya dawo. Wanda aka ba matsayinka, wani mai faɗin kafaɗa, ranar farko da ya shigo duhun ya ɗan jima, har ya buɗe baki ya yi magana, sannan hasken ya dawo. Tun daga nan ba a ƙara daɗewa a kansa ba.

Na san abin da aka koya mana, kuma na yarda da shi: wanda ya tafi ya tafi, addu'a kawai yake bukata a wajenmu, ina kuma yi musu safe da yamma. Baba ma ka san yadda yake fushi in wani ya ce zanen burujai duba ne, yakan ce shi rufin da Allah ya yi yake kwaikwaya, bai san gobe ba balle ya faɗa wa wani. Ba na cewa ga abin da ke bayan labulen nan. Abin da idona ya gani kawai nake faɗa maka.

Har gwadawa na yi, kada ka yi dariya. Da kowa ya fita cin abinci na roƙi Mai Fitila ya bar wuta, na shigo ta ƙofar hagu ina takawa da ƙarfi irin naka, na waiwaya. Ko motsi tauraron bai yi ba. Na ji haushi, wallahi. Shekara nawa ina zaune a gefenta ina zura mata zare a allura, amma ko leƙe ɗaya ban samu ba. Daga baya na ce wa kaina, mai zama kusa da kai ai ba a leƙensa ta huda.

'Yan wasa sun fara tsarguwa. Doguwa ba ta yarda ta bi ta bayan labule, gara ta zagaya ta waje. Mai Gilashi ya ce tun da hudar ce ke kawo surutu, kada in jira ranar juyawa, in ɗinke ta ranar Asabar. Na zare baƙin zare na ajiye a kan kujerar, na kasa ɗauka. Ina jin kamar in na ja zaren nan, ido zan rufe wa mai jira.

Ba na cewa ka dawo aiki. Ka zo ka zauna a kujerar minti biyar, ka ɗaga kai. In ka ga kuskure, ni da kaina zan ɗinke a gabanka.

Ƙanwarka mai jiranka,
'Yar Allura


Ranar Lahadi

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na ji daɗi da ka sanar da ni ka sauka lafiya. Ina fata gajiyar hanya ta sake ka, gwiwar ma ba ta kumbura ba bayan hawa da saukan da ka yi.

Na gode da zuwanka. Ba zan manta yadda ka shigo ranar Juma'ar nan da safe kana ɓata rai kamar an aiko ka karɓar gawa ba, da yadda ka zauna a kujerar Inna gwiwoyinka har haɓa, aka kunna fitilun gaba, ka ɗaga kai. Na bar ka kai kaɗai domin na ga kafaɗunka sun fara rawa. Abin da ka gaya wa Mai Gilashi bayan nan ya wadatar, ka ce kai ne ka yi kuskure, ba mai labulen ba. Ya cika alkawari. Ba za a juya ba, ba za a shafe ba, ba za a ɗinke ba. Har ya ce zai rubuta a takardar wasa cewa an zana wannan sama ne don wadda take zaune a bayanta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwana tara ina juya shi a raina.

Da ka ce za ka karanta jawabin matuƙin na fagen Kunama sau ɗaya kafin ka tafi, ka ce in je in zauna a wurin Inna. Na ce to. Mu huɗu ne kaɗai a ginin: kai, ni, Mai Gilashi a layin farko, Mai Fitila a teburinsa can ƙarshen zaure. Ka fita don ka shigo ta ƙofar hagu, aka kunna fitilun gaba da na baya. Ka shigo kana ɗingishi, ka tsaya a kan alamar alli, ka fara. Shekara tara, amma ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce maka ba. Tun takunka na farko tauraron ya yi duhu, bai kuma dawo ba har ka kai ƙarshe.

Sannan ka yi abin da Baba ya hana kowane ɗan wasa, ka juya wa kujeru baya. Ka fuskanci labulen, ka ga wurin a rufe, ka tsaya kana kallonsa, hawaye yana zuba ba ka share ba. Kun daɗe a haka. Daga baya hasken ya dawo a hankali. A tasha ka riƙe hannuna ka ce ka gode da na zauna maka a wurinta, wai har ka ji kamar da. Na yi murmushi ban amsa ba, ka zaci kuka ne ya hana ni.

Yaya, ban zauna a kujerar ba. Na je har bakinta, na tsaya. Na ji a jikina cewa wurin ba nawa ba ne a wannan ranar. Na fita ta ƙofar baya, na kulle ta, na zagayo na zauna a layin ƙarshe kusa da Mai Fitila, makullin yana cikin tafin hannuna har ya yi min shaida. Hasken da ke idonka ne ya hana ka ganina. Mai Fitila ya gani kamar yadda na gani. Da na kalle shi ya ce shi maɓallan wuta aka ɗauke shi kula da su, kada in tambaye shi komai.

Tun ranar tauraron bai sake ƙiftawa ba. Mai faɗin kafaɗa ya shiga ya fita, kowa ya shiga ya fita, yana nan yana haske kamar sauran. Doguwa ta koma bin bayan labule tana waƙe-waƙenta. Kowa ya samu natsuwa sai ni, domin yanzu ne na ji gidan ya zama wayam, yanzu ne na ji da gaske Inna da Baba ba su nan. Na koma zama a kujerar ina jan igiyoyi. Wani lokaci nakan kai ido hudar, ɗinkin Baba yana sosa min gira.

Ban san abin da za ka yi da wannan magana ba, ni ma ban san abin da zan yi da ita ba. Abu ɗaya dai na riƙe. Lokacin da ka juya, ni da ke gaba ƙeyarka na gani, ta yi furfura fat, ban ma san ta yi ba. Fuskar kuwa, wadda aka yi shekara talatin ba a gani ba daga wannan kujera, ranar ka kai ta har inda ake jiranta.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya yafe mana abin da muka yi musu da sani da rashin sani. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa min kan yara. In an fara nuna wasan zan ajiye muku kujeru a gaba, kai kuma in ka fi son ta baya, zan matsa maka.

Ƙanwarka har kullum,
'Yar Allura